Florence Nightingale (1820-1910): uwar aikin jinya da ba ta karɓar magana sai da hujja

Duk ranar 12 ga watan Mayu ma'aikatan jinya na duniya suna bikin ranarsu. An zaɓi wannan rana ne domin ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani. Mafi yawan waɗanda suka taɓa jin sunanta sun san ta da hoto guda, na mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojoji cikin dare. Abin ya faru, amma zamanta a fagen yaƙi bai cika shekara biyu ba cikin shekara 90 da ta yi a duniya. Sauran rayuwarta ta ƙare ta ne tsakanin takardu da alƙaluma, tana neman hanyar da za a gane abin da ke kashe majiyyaci da abin da ke raya shi, ba tare da an dogara ga zato ko ga girman mai magana ba.

A yau irin wannan aiki yana da tsari da ƙa'idoji, kuma masana kiwon lafiya suna kiran sa tsararren bitar bincike. Abin nufi shi ne a ɗauki tambaya guda, misali da me ya kamata a wanke cibiyar jariri, ko sau nawa za a juya mara lafiyar da ba ya iya tashi don kada jikinsa ya yi gyambo, sai a nemo duk binciken da aka taɓa yi a kanta, a auna ingancin kowane, a ware mai rauni bisa sharaɗin da aka shimfiɗa tun farko, sannan a haɗa sakamakon. Idan bitar ta yi kyau, mai jinya ya samu madogara. Idan ta lalace, to kuskuren zai shiga littafin koyarwa, daga nan ya isa gadon majiyyaci. A zamanin Nightingale ba a san wannan suna ba, amma ta yi aikin da ya yi kama da shi sau da dama, ta yi nasara a wasu, ta yi tuntuɓe a wasu.

An haife ta a shekarar 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Gidansu gidan arziki ne, suna da manyan gidaje biyu a karkarar Ingila. Mahaifinta William da kansa ya karantar da ita da yayarta Parthenope harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi, ita kuma ta nace sai da aka bar ta ta koyi lissafi, abin da ba a saba koya wa ƴaƴa mata ba. A shekarar 1837 ta ji a ranta cewa Ubangiji ya kira ta zuwa ga wani aiki. Da ta bayyana cewa jinya take son yi, gida ya rikice, domin kuwa a wancan lokaci ana ɗaukar masu jinyar asibiti a matsayin mata marasa ilimi, mashaya, kuma ba aikin ƴar gidan mutunci ba ne. Ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, wanda ya daɗe yana neman ta. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta yi wata uku tana koyon aiki a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus. A 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin gidan jinyar mata a Landan, mahaifinta kuma ya yanka mata fam 500 duk shekara, kuɗin da suka ba ta ƴancin kanta.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya suna goyon bayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a kan Rasha. Jaridar The Times ta riƙa buga labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa babu mai kula da su. Sidney Herbert, ministan da ke kula da sha'anin kuɗi da kayan soja, wanda dama abokin Nightingale ne, ya nemi ta jagoranci wata tawaga. Ta tashi ranar 21 ga Oktoba da mata 38, suka isa Scutari a farkon Nuwamba, wato unguwar da ke fuskantar Istanbul daga gaɓar Asiya. Asibitin wani ƙaton bariki ne na sojan Turkiyya. Daga Kirimiya ake ɗebo marasa lafiya a jirgin ruwa, a ratsa Baƙin Teku da su kwana da kwanaki, su iso cikin ƙazanta da kwarkwata. Babu isassun riguna, babu sabulu, babu abincin da mai gudawa zai iya ci. Da kuɗin gudummawar da jaridar ta tara da nata na aljihu ta sayi kaya, ta buɗe wurin wanki da ɗakin girki, ta sa aka goge daɓe. Likitocin soja, musamman shugabansu Dokta John Hall, ba su yi maraba da ita ba, ita ma kuwa ba mai sauƙin kai ba ce.

Duk da wannan ƙoƙari mutuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. A hunturun farko sojoji 4,077 suka rasu a can, kuma galibinsu ba harsashi ya kashe su ba, atuni ne da kwalara da taifot da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majiyyaci 100 kimanin 42 ke mutuwa. A watan Maris gomnati ta aiko da kwamitin tsabta, wanda ya haɗa da Dokta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka tarar ginin yana zaune ne bisa magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na turo warinsu cikin ɗakuna, har da mushen doki a hanyar ruwan sha. Suka yashe magudanan, suka buɗe tagogi, suka kwashe mushe. Zuwa watan Yuni mutuwar ta sauka zuwa kimanin 2 cikin 100.

Waɗannan alƙaluma biyu, 42 da 2, su ne aka fi yawo da su a littattafan makaranta, sau da yawa a ce fitilar Nightingale da hannunta ne suka kawo sauyin. Mai karatu ya lura cewa abubuwa da dama sun canza a lokaci ɗaya: sanyi ya wuce, cunkoso ya ragu, abinci da tufafi sun fara isa ga sojojin da ke bakin daga, don haka waɗanda ake kawowa ba su kai na da jigata ba. Wanda ya kwatanta kafin da bayan kawai ba zai iya rarrabe rabon kowane dalili ba, kuma har gobe masu bitar bincike suna sanya irin wannan hujja a mataki na ƙasa. Masana tarihi sun yi saɓani kan yadda ita kanta ta fahimci lamarin tana Scutari. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne, bayan yaƙin ta danganta babban sauyin ga aikin tsabta, kuma a kan haka ta gina duk gwagwarmayarta.

Ta koma gida a watan Agusta na 1856 da ciwon da ta kwaso a Kirimiya, wanda masana da yawa a yau ke ganin cutar da ake ɗauka daga madarar dabbobi ce, kuma ya kwantar da ita shekaru masu yawa. Ta guje wa bikin tarba. A watan Satumba ta gana da Sarauniya Victoria a Balmoral, ta matsa har aka kafa kwamitin bincike kan lafiyar soja a 1857 ƙarƙashin Sidney Herbert. A nan ta haɗu da Dokta William Farr, masanin ƙididdiga na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Su biyu suka zauna kan takardun soja, waɗanda ba su ma dace da juna ba, domin adadin da asibiti ya rubuta daban, na masu binne gawa daban. Sakamakon ya nuna sojojin Ingila sama da 16,000 cuta ce ta kashe su, alhali waɗanda suka mutu a fagen fama ko ta dalilin rauni ba su kai 5,000 ba.

Sai dai abin da ya fi girgiza hukuma shi ne wani kwatance da suka yi a cikin gida. Sun ɗauki sojojin da ke zaune a barikokin Ingila lokacin zaman lafiya, suka kwatanta su da fararen hula maza masu shekaru iri ɗaya. Soja mutum ne da likita ya duba ya zaɓa saboda ƙoshin lafiyarsa, ya kamata a ce ya fi kowa daɗewa, amma sai ga shi sojojin suna mutuwa kusan ninki biyu. Wannan kwatance ya fi na Scutari ƙarfi, don an daidaita shekaru da jinsi, kuma babu yaƙi balle a ɗora masa laifi. Ta rubuta rahoto mai shafi sama da 800 a 1858. Da yake ta san manya ba sa karanta jadawali, sai ta zana alƙaluman cikin wani da'ira mai yanka goma sha biyu, kowane wata da yankansa: shuɗi na cututtukan da za a iya kaucewa, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Shuɗin ya cinye zanen. A wannan shekara ce ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, mace ta farko da ta shiga cikinta.

Da kuɗin da jama'a suka tara da sunanta, kimanin fam 45,000, aka buɗe makarantar horar da masu jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860 da ɗalibai 15. Ɗan littafinta kan jinya, wanda ya fito a daidai wannan lokaci, ya dage kan iska mai kyau da haske da ruwa mai tsabta da abinci, da kuma sa ido: mai jinya ta lura, ta rubuta abin da ta gani, kada ta kawo wa likita abin da take tsammani. Ɗaliban makarantar sun bazu har Ostareliya, kuma tsarinta ne aka kwaikwaya a Amurka da wasu ƙasashe.

A 1860 ɗin dai ta gabatar wa taron ƙasa da ƙasa na masana ƙididdiga da aka yi a Landan wata takarda iri ɗaya da take son kowane asibiti ya riƙa cikewa, domin ta gano ba a iya kwatanta asibiti da asibiti muddin kowa na rubuta cuta da sunan da ya ga dama. Ta kuma lura da wata dabara: asibiti ya sallami wanda ya ga ba zai tashi ba, ya je ya cika a wani asibitin, sai alƙaluman na farko su yi kyau, na biyu su ɓaci. Wasu asibitocin Landan sun gwada takardar, amma ba ta ɗore ba saboda wuyar cikewa.

A nan ne kuma ta yi babban tuntuɓenta. A bugu na uku na littafinta kan asibitoci, a 1863, ta kawo wani jadawali daga ofishin Farr da ke nuna cewa a asibitoci 24 na Landan mutuwa ta kai kusan 91 cikin 100 a shekara. Yadda aka yi lissafin shi ne, an raba adadin waɗanda suka mutu duk shekara da adadin majiyyatan da aka tarar kwance a rana guda. A ɗauki misali da asibiti mai gado 100 da kullum yake cike, mutum 1,000 suka kwanta cikinsa a shekara, 90 suka rasu. Idan an auna da gado, sai a ce 90 cikin 100. Idan an auna da waɗanda suka kwanta, 9 ne cikin 100. Ta wannan hanya asibitin da ke saurin karɓa da sallama shi zai fito kamar mayanka. Jaridun likitoci sun yi mata ca, kuma a wannan karo gaskiya na wajensu. Niyyarta ta gyara asibiti ce, amma kyakkyawar niyya ba ta gyara lissafin da aka ɗora bisa ma'aunin da bai dace ba.

Aikinta kan Indiya ya fi kama da bitar zamani. Ba ta taɓa taka ƙasar ba. An kafa kwamiti kan lafiyar sojojin Ingila da ke can a 1859, ita da Sutherland da Farr suka tsara tambayoyi iri ɗaya aka aika wa barikoki kusan 200: daga ina ruwan sha ke zuwa, ina ake zubar da ƙazanta, mutum nawa ke kwana a ɗaki, wace cuta ta fi yawa. Amsoshin suka cika mata ɗaki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta fitar da taƙaitaccen bayani. Rahoton 1863 ya nuna soja 69 cikin 1,000 ke mutuwa duk shekara. Da aka zo buga gajeren kwafin da ƴan majalisa za su karanta, sai aka cire bayaninta da shaidar barikokin. Ba ta yi shiru ba, ta sa aka buga nata daban aka rarraba. Bayan shekara goma ta ba da labarin cewa adadin ya sauka zuwa 18 cikin 1,000.

Ta kuma aika tambayoyi zuwa makarantu da asibitocin da Turawan mulkin mallaka suka buɗe wa ƴan ƙasa a gaɓar Afirka ta Yamma da Natal da Silon da Ostareliya da Kanada. Daga makarantu 143 da aka samu bayaninsu, ta gano yaran na mutuwa kusan ninki biyu na takwarorinsu na Ingila, ta kuma yi kuka da cewa yawancin takardun da aka maido mata a cike suke da giɓi. Ya kamata a faɗa cewa mulkin mallakar kansa ba ta ƙalubalance shi ba. Gyaransa take nema.

Abin da ya fi taɓa ta kai tsaye shi ne maganar masu jego. Da kuɗin asusunta aka buɗe sashen horar da ungozoma a asibitin King's College a farkon shekarun 1860. Cikin shekara shida zazzaɓin bayan haihuwa ya addabi sashen, mutuwa ta kai kimanin 33 cikin kowace haihuwa 1,000, alhali a faɗin Ingila, inda galibin mata ke haihuwa a gida, kimanin 5 ne. Aka rufe sashen a ƙarshen 1867, ko da yake aikinta ne kuma sunanta ke kansa. Daga nan ta shiga tara alƙaluma daga gidajen haihuwa na Ingila da na Turai, ta yi amfani da binciken likitan Faransa Léon Le Fort, wanda ya nuna mace ɗaya cikin 29 ke mutuwa a gidajen haihuwa, ɗaya cikin 212 a gida. Ba ta tsaya nan ba, sai ta tambayi kanta ko talauci da yunwar matan da ke zuwa asibiti ne sanadi. Ta duba gidajen gajiyayyu irin na Liverpool, inda matan suka fi kowa talauci, ta tarar mutuwarsu ba ta kai ta manyan asibitoci ba. Ke nan laifin yana cikin ginin da yadda ake aiki a cikinsa: cunkoso, kusanci da sauran marasa lafiya, da ɗaliban likita masu shiga da fita. Littafin ya fito a 1871.

Amma akwai abin da ya kuɓuce mata. Tun 1847 wani likita ɗan Hangari, Ignaz Semmelweis, ya nuna a Biyana cewa idan likitoci suka wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda, mutuwar na faɗuwa warwas, kuma ya buga littafinsa da Jamusanci a 1861. Littafin Nightingale bai ambace shi ba. Ta tara alƙaluma masu yawa, ta auna su da hankali, amma bincike guda da ya fi kusa da amsar bai shiga hannunta ba. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin yau suka wajabta wa mai bita ya bayyana inda ya nema, da waɗanne harsuna, da abin da ya ajiye gefe da dalilinsa. Ƙa'idojin sun daɗe kafin su zo. Sai a 1972 likitan nan Archie Cochrane ya yi kira da a dogara ga gwajin da aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ta kafu a 1993, cibiyar Joanna Briggs da ta fi mayar da hankali kan jinya ta buɗe a Adelaide a 1996, ma'aunin AMSTAR na tantance ingancin bita ya fito a 2007, jagorar PRISMA ta yadda za a rubuta rahotonta kuma a 2009.

Shekaru da yawa Nightingale ta yi imani cewa gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da cuta. Wannan fahimta ba daidai ba ce, ko da yake matakan da ta sa aka ɗauka, wato yashe magudanai da tsabtace ruwa, sun yi aiki. Zuwa shekarun 1880, bayan binciken Pasteur da Koch, ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta. A wani fanni kuwa ta kafe: ta yi adawa da yi wa masu jinya rajistar hukuma, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali, kuma sai bayan rasuwarta, a 1919, Ingila ta kafa dokar rajistar. Mutanen da suka yi aiki da ita sun sha wuya, domin ba ta san gajiya ba kuma ba ta yi wa kowa uzuri. Sidney Herbert yana fama da ciwon ajali tana matsa masa kan aikin gyara, har ya rasu a 1861. A 1891 ta nemi a kafa kujerar koyar da ƙididdiga a jami'ar Oxford don masu mulkin gobe su iya karanta alƙaluma, ta tattauna da Francis Galton, amma shirin bai tabbata ba.

Idanunta sun dushe a farkon ƙarni na 20. A 1907 aka ba ta lambar girma ta Order of Merit, mace ta farko da ta same ta. Ta rasu cikin barci ranar 13 ga Agusta 1910 a gidanta da ke Landan. An yi tayin binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, aka kai ta maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta. Sojoji shida suka ɗauki makararta. A jikin dutsen kabarin babu cikakken sunanta, haruffa biyu ne kawai, F da N, sai ranar haihuwa da ranar rasuwa.